Damisa Mai Ƙafar Itace

Idan mutum ya yi ƙarya guda ɗaya, ƙaryar ta shekara tara tana ciyar da gari ba ta taɓa kowa ba, wace rana ce ta zama laifi? Ranar da ya fara ta, ko ranar da wani ya ara? Har yau babu wanda ya amsa, shi ma wanda abin ya faru a kansa bai amsa ba.

Ana ce masa Mai-Sawu. Tsohon maharbi ne da ya rataye bindiga ya koma yi wa baƙi jagora a gidan hutun da ke kan tudu, sama da ƙauyen. Gida ne mai ɗaki takwas da doguwar baranda, inda mutanen birni ke zuwa su kwana biyu ko uku su huta da ƙarar motoci. A ƙofar ɗakin cin abinci akwai allo da aka jera wuraren da ake kai baƙi yawon yini: tafkin tsuntsaye, kogon jemagu, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ciyawa ta cinye. Amma wanda aka rubuta a sama da jan fenti, wanda saboda shi ɗakunan ke cika, shi ne Sawun Damisa. Da hantsi Mai-Sawu yakan shige gaba, baƙi na biye, su ratsa kurmin da ke gindin dutse har inda ruwa ke zubowa, ya tsuguna ya nuna musu ɗanyen sawu a kan yashi. Babu baƙon da ya taɓa ganin damisar. Yakan ce musu ai ita ta gan su, sai su matso kusa da juna suna dariyar tsoro. A hanyar dawowa su sayi zuma da kwanduna a hannun matan ƙauyen.

Ranar Asabar da sassafe aka aiko kiransa gidan Iya, wata tsohuwa mai kiwon awaki a ƙarshen gari, ta wajen kurmin. Ya tarar da rabin ƙauyen a tsaye. Jar akuyarta mai shayarwa ta ɓata daga garke, 'ya'yanta biyu na ta kuka, ga kuma sawu a laka kusa da kwamin ruwa, ya bi gefen kwata ya nufi kurmi.

Mutane suka dare masa. Ya tsuguna, gwiwarsa na ƙara, ya duba sawun farko. A tsakiyar tafin, ta gefen hagu, akwai wani ɗan tsagi kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ya san tsagin nan kamar yadda ya san tabon da ke hannunsa, don rana ɗaya aka yi su, ranar da kurfi ya zame masa yana sassaƙa. Ya duba na biyu, ya duba na uku. Duk ƙafar gaba ce. Damisa mai ƙafar gaba huɗu.

Mai gari ya tambaye shi ko ita ce. Mai-Sawu bai ɗago kai ba, ya ce sai ya bi ya gani. Samari kuwa sun riga sun yanke hukunci. Suka ce yau akuya, gobe yaro. Rani ne, ciyawa ta bushe, a sa wa kurmin wuta ta kowane gefe a huta. Mai gari ya ce an ba Mai-Sawu yau da gobe. Idan jibi da hantsi bai zo da wata magana ba, shi ba zai iya riƙe hannun kowa ba.

Da taro ya watse ya tsaya ya tambayi Iya. Ta ce ba ta ji komai ba, kunnenta ya daɗe da yin ritaya. Amma ta tabbata ba mutum ba ne, don ta tarar da ƙofar garken a ɗaure, dabbar tsallakawa ta yi.

"Kuma ka ga ikon Allah," in ji ta, "yau ko wahala ban sha ba. Ina jan bakin igiyar ta warware. Ni da kullum sai na sa haƙori, ɗan biyun da suka rage mini."

Ya yi mata jaje ya tafi. Hankalinsa na kan tsagin, maganar igiya ta shiga ta kunnen dama ta kwanta.

Bai bi sawun ba, ya san inda zai ƙare. Ya yanke ta cikin kurmi, ƙarƙashin manyan itatuwan da rana ba ta ratsa su, har bayan inda ruwa ke zubowa. Akwai wata tsaga a jikin dutsen, daidai kafaɗar mutum. Ya zura hannu ya jawo buhu. Ƙafafu biyu ne na itace a kan gajerun sanduna, ta gaba da ta baya, an lulluɓe tafinsu da fata. Ta bayan a bushe take yadda ya bar ta. Ta gaban an wanke ta, har yanzu da danshi.

Ya zauna a kan dutse da su a cinya. Shekara tara da suka wuce, sati biyu bayan gidan hutun ya ɗauke shi aiki, ya tarar da damisar ƙarshe ta kurmin nan a mace cikin tarkon da ya ɗana wa gada ya manta bai kwance ba. Tsohuwa ce, haƙoranta sun cinye. Ya danna tafinta a yumɓu ya ɗauki siffarsa, ya binne ta, bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Tun daga ranar, duk safiyar da za a kai baƙi, yakan riga kowa zuwa ya buga sawun, ya share nasa da reshe. Yakan gaya wa kansa cewa bai ƙirƙiri komai ba, abin da ya kasance ne yake maimaitawa.

Yanzu wani ya san tsagar dutsen. Kuma wanda ya sani ya san abu na biyu: mutum ɗaya ne a garin zai gane sawun ƙarya ne, shi kuwa ba shi da bakin faɗa.

Matarsa na tsintar wake a tsakar gida lokacin da ya gaya mata. Ba ta daina tsinta ba. Ta ce maganar ai ba ta da tsawo, ya ɗauki buhun ya kai gaban mai gari ya zazzage. Ya ce ta san abin da take faɗa kuwa? Shekara arba'in ana kiransa in saniya ta ɓata, in yaro ya ɓace a daji, in an yi gardamar iyakar gona. Kalmarsa ce ake kashe shari'a da ita. Ya tsaya gaban jikokinsa ya ce shi ɗan wasan yara ne mai buga hoto a yashi?

"To a ƙone kurmin ke nan," ta ce. "Da ruwan da muke sha da rani, da zumar da nake sayarwa."

"Zan kamo ɓarawon. In an ga akuya ba wanda zai ƙona komai."

"Sawun fa, wa za ka ce ya yi?"

"Buhun nan ba zai fito ba. Gara a binne ni da shi."

Ta ce Allah ya kyauta, ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince.

Ya fara da mai gadin gidan hutun, don daga rumfarsa ana hango hanyar gidan Iya. Mai gadi ya riga ya ba mutum goma labari cewa ya ji gurnani wajen asuba, har gashin jikinsa ya tashi. Mai-Sawu ya tambaye shi irin gurnanin. Ya gwada, sai ya fito kamar na jaki mai mura. Ya tambaye shi ta wane gefe. Ya nuna gabas, ya sake nuna kudu. Daga ƙarshe ya rage murya ya ce don Allah maganar ta tsaya tsakaninsu, barci ya ɗan sace shi, kuma da ya ji kowa na cewa ya ji wani abu sai ya ga bai dace a ce mai gadi ne kaɗai bai ji ba. Mai-Sawu ya so ya yi masa faɗa, ya rasa da wane baki.

Daga nan ya nufi rumfar mahauci, don an raɗa masa cewa an ga jar fata a shanye a bayanta. Fatar na nan kuwa, amma ta bunsuru ce, kuma wanda ya sayar da shi yana zaune a wurin yana shan shayi. Mahauci ya goge wuƙa a gaban rigarsa ya ce, "Kai da garinku ya ce damisa ce, me kake nema a rumfata? Ko ta fara kawo mini talla ne ban sani ba?" Aka yi dariya. Wani ya ce a bar tsoho, shekara tara yana kiwon kyanwarsa, dole ya nema mata lauya.

Ya samu manajan gidan hutun a ofis, waya a kowane kunne. Fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya ce tun safe ake bugowa, labari ya kai birni, ɗakuna sun cika har ƙarshen wata. Ya ce abin ya zo a kan gaɓa, don makon jiya wani baƙo likitan dabbobi ya zauna a teburin cin abinci yana dariya, yana cewa wace irin damisa ce shekara tara ba kashi, ba gashi, ba ragowar abin da ta ci. Maganar ta kai kunnen mai gidan, har ya fara zancen a goge jan fentin a sayar da motar yawo.

Mai-Sawu ya fita yana jin ya samu mutuminsa. Amma kafin ya kai ƙofa zargin ya sace. Manaja bai taɓa wuce gadar katakon da ke bakin kurmi ba, ƙadangare ma tsoronsa yake ji, kuma da aka gaya masa zancen wuta sai da ya nemi kujera. Wanda bai san hanyar kurmi da rana ba, ba shi zai lalubo tsagar dutse ba.

Ranar ta ƙare bai kama komai ba sai kunyar mutane uku a kan tasa.

Lahadi da safe za a kai baƙi tafkin tsuntsaye. Mai-Sawu na zaune a kan dakalin baranda yana kallon direba na ɗora kujerun naɗewa da akwatin ƙanƙara a saman mota. Direban mijin 'yarsa ce ta biyu, mutum mai kawaici, wanda bai taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka ɗaura auren. Kafin wannan aikin ya yi shekaru yana jan babbar motar kaya. Ya gama ɗaure kayan ke nan wata baƙuwa ta ce ta manta hularta a cikin jakar da ke can ƙasa. Direba ya kama bakin igiyar ya ja sau ɗaya, ƙullin ya warware gaba ɗaya.

Maganar Iya ta tashi daga inda ta kwanta.

Bai yi motsi ba har motar ta fita. Sannan ya tambayi kansa inda mai mota zai ɓoye akuya ba tare da kukanta ya kai kunnen kowa ba. Ranar Laraba kaɗai ake kai baƙi tsohuwar tasha. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya, tafiyar awa biyu a rana. A mararrabar da ta shiga tashar ya ga sawun taya sabo a kan na Laraba, tayar baya ta hagu mai faci, wadda shi da kansa ya riƙe wa surukinsa fitila ranar da aka liƙe ta.

Akuyar na cikin ɗakin sayar da tikiti, an ɗaure ta a ƙarfen taga. An ajiye mata bokitin ruwa da dami guda na harawa. Hantsarta ta kumbura da nono. Ya tatse ta a ƙasa don ta samu sauƙi, yana kallon ƙullin igiyar. Ɓarawon da ya sayi harawa. Ya gane ba nama ake so ba, ba kuma kuɗi ba. So ake a ce damisa ta ci wani abu, don kada a goge jan fenti, don kada a sallami direba da tsohon da ke shige wa baƙi gaba. Wataƙila wata asuba ce yaron ya bi shi a baya har ya ga tsagar dutsen.

Ya jawo akuyar ta bayan gari bayan la'asar ya ɗaure ta a gidansa. 'Yarsa ta shigo da yamma kawo wa uwarta gishiri, ta ga akuyar, ta dubi ubanta. Ya ce tsintarta ya yi.

Litinin da hantsi gari ya hallara a bakin kurmi. Samari sun zo da jarkokin fetur da dammunan ciyawa a kan sanduna. Baƙi biyar sun sauko daga tudu suna kallo daga nesa. Mai-Sawu ya iso yana jan jar akuya, da buhu a kafaɗa wanda ya je ya ɗauko da asuba, yana gaya wa kansa don kada wuta ta cinye ne kawai. Iya ta rungume akuyarta tana yi mata faɗa kamar 'yar da ta kwana a waje.

Ya roƙi mai gari a kira mutum huɗu gaba: mai gadi, mahauci, manaja da direba. Ya ce damisa ba ta buɗe ƙofa, balle ta mayar ta ɗaure. Wanda ya ɗauki akuyar ya tausaya wa sauran awakin kada su watse, ya ɗaure ƙofar da irin ƙullin da hannunsa ya saba. Ya miƙa igiya ya ce kowa ya ɗaura a jikin wancan reshen, Iya ta ja.

Mai gadi ya yi ƙulli uku a kan juna, Iya ta ja ya ƙi warwarewa, ta ce wannan ƙullin ɗan'uwan nata ne. Mahauci ya yi zarge irin na ɗaure ƙafar saniya. Manaja ya ɗaura kamar igiyar takalmi, aka yi dariya. Igiya ta zo hannun direba. Ya riƙe ta yana kallon ƙasa.

"Ba sai na ɗaura ba, ranka ya daɗe," ya ce wa mai gari. "Ni na ɗauke ta."

Wuri ya ɓarke da hayaniya. Mai gari ya ɗaga hannu ya tambaye shi sawun fa. A karo na farko tun da ya auri 'yarsa, direba ya ɗago ya dubi Mai-Sawu cikin ido, ya kawar da kai.

"Ni na sassaƙa ƙafar itace na buga. Na kwaikwayi wanda Baba ke nuna wa baƙi. Na jefa ta a tafki. Baba bai san komai ba."

Mai-Sawu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji an ɗora masa wani a wuya. Ga ƙofa an buɗe masa. Suruki zai sha zagi, a ci shi tara, wataƙila ya rasa aiki, 'yarsa ta yi wata guda ba ta zuwa rijiya sai da duhu. Shi kuwa sunansa zai ƙara tsawo: tsohon da bai rufa wa ko surukinsa asiri ba. Har wani ya fara faɗin haka a bayansa.

Sai babban samarin ya ɗaga jarkarsa. Ya ce to an ji, wannan karon mutum ne. Amma ta gaskiyar tana ciki, shekara tara ana ganin sawunta, kuma kwana biyun nan babu uwar da ta runtsa. Sai an jira ta ɗauki yaro tukuna? Tunda an taru, fetur ya zo, a gama da ita yau. Murya goma ta amsa masa. Matan da ke sayar da zuma ma ba su ce a'a ba, suna riƙe da hannun 'ya'yansu.

Mai gari ya juyo. "Mai-Sawu, kai ka san dajin nan. Kalmarka muke jira. Tana ciki ko ba ta ciki?"

Ya dubi kurmin. Iska na kaɗa saman itatuwan, ana jin zubar ruwan daga can ciki. Ya dubi matarsa a cikin mata, ba shi take kallo ba. Zai iya cewa ta yi ƙaura. Zai iya cewa ta tsufa ba ta iya farauta. Ya san da wuya su yarda, kuma ko sun yarda yau, akuya ta gaba da za ta ɓata da ashana za a neme ta.

Ya sauke buhun daga kafaɗa. Ya ce wa mahauci ya ba shi butar da ke hannunsa, ya zuba ruwan a ƙasa har wurin ya jiƙe. Ya kwance bakin buhun ya fito da ƙafafun biyu. Wani ya ce ashe ba a tafki take ba.

"Yaron nan ƙarya yake yi, bai iya sassaƙa ko muciya ba," in ji Mai-Sawu. "Ƙafa ɗaya ya ɗauka, shi ya sa tasa damisar duk ƙafar gaba ce. Ita ta gaskiyar ta mutu shekara tara da suka wuce, a tarkona. Ni na binne ta, zan nuna muku wurin. Ku matso, ku ma baƙi ku matso."

Ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya danna ƙafar gaba a laka, ya ɗan murza ta waje yadda nauyi ke sauka, ya ɗaga. Ya ɗauki ta baya ya sa ta kaɗan a gaban wancan, rabi a cikinsa. Ya matsa taki ɗaya ya sake. Sawu ya fito ɗanye, mai kyau, irin wanda suka shekara tara suna rantsuwa da shi.

Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da bugawa har inda ruwan butar ya ƙare.